Zuwa Damagaram kallon tauraruwa mai wutsiya

Ranar Lahadi 13 ga Oktoba 2024 na tashi daga Kano zuwa Damagaram domin kallon tauraruwa mai wutsiya da ake kira Tsuchinshan-ATLAS. Masu binciken sararin sama na cibiyar Tsuchinshan ta ƙasar Sin ne suka fara ɗaukar hotonta a watan Janairu 2023, sannan wata na'urar hangen nesa mai suna ATLAS da ke Sutherland a Afirka ta Kudu ta sake gano ta a watan Fabrairu, shi ya sa take ɗauke da suna biyu. Ta kai maƙurar kusancinta da rana ranar 27 ga Satumba 2024, tazarar kilomita miliyan 58, ta kuma gifta mafi kusa da duniyarmu ranar 12 ga Oktoba, tazarar kusan kilomita miliyan 71. Daga nan ne ta koma fitowa da almuru ta ɓangaren yamma. Abu biyu suka sa na nufi arewa. Daminar shekarar ta yi nauyi, gajimare na ta taruwa a yammacin Kano da la'asar, alhali can arewa sama ta fara washewa kuma hunturu bai kawo hazonsa ba tukuna. Sannan ina buƙatar fili fetal, ba bene, ba bishiya, ba fitila tsakanina da mafaɗar rana, domin a kwanakin farko tauraruwar ƙasa-ƙasa take, tana faɗuwa ƙasa da awa biyu bayan rana.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, kyamara da gilashinta na milimita 50, sandar kafa kyamara mai ƙafa uku, batura biyu, da ƙaramar tocila da na naɗe bakinta da jar leda. Babban madubin hangen nesa na bar shi a gida, don ba shi da amfani a wannan aiki. Yana ƙara girma sosai amma abin da yake nunawa na sama bai kai faɗin digiri biyu ba (digiri shi ne ma'aunin faɗi a sama), wutsiyar kuwa ta fi digiri goma. Mai ido biyun yana ɗaukar digiri shida da rabi a kallo ɗaya, shi ne daidai.

Na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa zuwa Daura a kan naira dubu biyar. Direba ya ce a yi haƙuri, kwana huɗu ke nan da litar fetur ta haura naira dubu ɗaya. Ɗambatta da Kazaure mun wuce su ba wani abin faɗa, sai shingayen jami'an tsaro da ake rage gudu a gaisa a wuce. Daga Daura ƙaramar mota ta kai mu Kongolam. A wancan lokaci Nijar ba ta kammala fita daga ECOWAS ba, sai a Janairu 2025, saboda haka fasfo da katin rigakafin shawara sun wadatar. Wanda bai riƙo katin rigakafin ba shi ne ke shan jira. A bakin iyaka na yi canji, jaka ɗaya ta sefa a kan naira dubu biyu da ɗari bakwai da ɗan abin da ya hau. Duk mai zuwa Nijar ya koyi lissafin dala kafin ya tsallaka: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, dala ɗari sefa ɗari biyar, jaka sefa dubu. In mai shayi ya ce dala hamsin, sefa 250 yake nufi.

A Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, aka buɗe jakata. Tun juyin mulkin Yuli 2023 ana sa ido sosai a kan baƙo mai kyamara, balle a haɗa da madubin hangen nesa. Jami'in ya ɗaga madubin ya ce, "Malam, wannan na aikin me?" Na ce masa na kallon tauraruwa mai wutsiya ne, na nuna masa taswirar sama da na buga a takarda, da lambar malamin da zai sauke ni. Ya kira lambar, suka yi magana, ya rubuta sunana a littafi, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa za ta fito. Na ce bayan sallar magariba, a dama da Zara. Shawarata ga mai irin wannan tafiya ita ce ya ajiye kayan a saman jaka inda za a gan su da wuri, ya riƙe takarda da ke nuna abin da ya kawo shi, kuma kada ya ɗaga kyamara kusa da shinge ko barikin soja ko da wasa.

Daga iyaka zuwa Damagaram jaka uku na biya. Mun bi Matamai da Kance, muka hau babbar hanya a Takeita, muka juya gabas. Shingayen jandarma a nan ba irin namu ba ne: kowa sai ya miƙa katinsa, a tafi da su rumfa, a dawo a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Yana cin lokaci amma ba hayaniya. Gonakin gero duk an yanke, damma jingim a bakin ƙauyuka, tafkuna cike maƙil. Gaba ɗaya tafiyar ba ta wuce kilomita 250 ba, amma sai da la'asar ta yi sanyi muka shiga gari, kuma a ranar gajimare ya tokare yamma, ba mu ga komai ba.

Na kama ɗaki a wani masauki a Sabon Gari, jaka goma kwana ɗaya, da fanka da bokitin ruwa, domin ƙarancin ruwan famfo tsohon ciwo ne a Damagaram. Mai masaukina na ainihi malamin kimiyya ne a wata sakandare, kowa na ce masa Mushe, shi ke da motar da muka yi yawo da ita. A lokacin litar fetur a gidan mai sefa 499 ce, wato ta ɗan fi ta Kano tsada in an juya, duk da matatar mai da ke arewa da garin. Shi ya ba da shawarar Miriya, don akwai duwatsu masu kyaun hawa, amma Miriya gabas take da Damagaram. Wanda ya tsaya a can ya fuskanci yamma, hasken garin gaba ɗaya zai faɗo daidai inda tauraruwar take. Dole a tsaya yamma da gari, a ba fitilunsa baya. Saboda haka ranar Litinin muka koma kan hanyar Takeita, muka ratse kafin Tirmini zuwa wani ƙauye da ke da tudu a bayansa. Muka fara zuwa ƙofar mai gari da ƙullin goro. Mushe ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Kano, tauraruwa ya zo kallo, muna neman izinin hawa tudun nan da dare." Mai gari ya ce ba laifi, ya haɗa mu da ɗansa, ya ce mu kula da kunama a gindin duwatsu.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe 6:05. Muka yi sallah a kan tudun, muka kafa kyamara. Zara ce ta fara fitowa a kudu maso yamma, fes. Can dama, ƙasa-ƙasa, wata tauraruwa mai ruwan lemo da ake kira Akturus ta bayyana. Mai wutsiyar tana kusan tsakiyar su biyun. Ma'aunin da ake amfani da shi a fili shi ne dunƙulen hannu: in ka miƙa hannunka gaba ɗaya, faɗin dunƙulenka digiri goma ne a sama. Wajen 6:40 na same ta a madubi, dunƙule ɗaya da rabi da ɗan ƙari daga ƙasa. Kafin 6:55 ido tsirara ya ɗauke ta: kai mai haske kamar an shafa shi, wutsiya fara mai ɗan ruwan ƙwai ta miƙe sama kusan sambal, tsawon dunƙule ɗaya. Wata ya kusa cika, yana bayanmu ta gabas yana wanke sama, amma bai iya ɓoye ta ba. Yaran ƙauyen da suka biyo mu suka ɗauki salati.

Wannan dunƙule ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A tazarar kilomita miliyan 73 da take a daren, digiri goma na nufin aƙalla kilomita miliyan 12, kuma wannan iyakar abin da hasken wata ya bari mu gani ne. Abin da ke haifar da duk wannan kuwa ɗan curi ne da ba a iya ganinsa ko da babbar na'ura daga ƙasa. Ga biyu daga cikin irin waɗannan curi da aka je aka duba da kyau. Na tauraruwar Halley, wanda kumbon Giotto ya ɗauki hotonsa a 1986, tsawonsa kilomita 15 ne, faɗinsa 8, baƙi ƙirin, kashi 4 cikin 100 kaɗai na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa. Na tauraruwar 67P, wanda kumbon Rosetta ya yi wa rakiya daga 2014 zuwa 2016, kilomita 4 ne kacal, kuma nauyinsa rabin na ruwa mai girmansa, don cikinsa duk kofofi ne. Haɗin curin shi ne ƙanƙarar ruwa, daskararrun iskoki irin su kabon dayoksaid da kabon monoksaid, da ƙura da tsakuwa cakuɗe.

Muddin curin na can nesa cikin sanyi, ba shi da wutsiya ko kaɗan. Sai ya matso kamar ninki uku na tazarar da ke tsakaninmu da rana, wato wajen kilomita miliyan 450, sannan ƙanƙarar ruwan ke fara aiki sosai. Sauran iskokin sun riga ta farawa tun daga nesa. A sararin sama babu iskar da za ta danne ƙanƙara ta zama ruwa, saboda haka ba ta narkewa, kai tsaye take komawa tururi. Tururin yana fasowa ta tsagogin ɓangaren da rana ke duka, da gudun rabin kilomita zuwa kilomita ɗaya a daƙiƙa, yana yayumo ƙura. Ƙarfin jan curin kuwa ba komai ba ne: a kan 67P, abin da ya tashi da gudun mita ɗaya a daƙiƙa ya tafi ke nan. Wannan tururi da ƙura su ne ke taruwa su zama hazon kai, mai faɗin dubban dubatar kilomita, wanda muke gani kamar kan tauraruwar. Daga cikin hazon nan rana ke zaro wutsiya.

Ɗan mai gari, saurayi mai kaifin hankali, shi ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ya ce, "Malam, ke nan faɗuwa take yi ƙasa, tunda wutsiyar na sama?" Kusan kowa haka yake ɗauka, cewa gudu ne ke barin wutsiya a baya. A sararin sama babu iskar da za ta riƙe ƙura a baya don abu na gudu. Rana ce ke tura wutsiyar, saboda haka kullum tana fuskantar ɓangaren da ya ba rana baya, ko ina tauraruwar ta dosa. Rana na ƙarƙashin ƙasa ta yamma, wutsiya ta miƙe sama. A wannan dare ma tauraruwar ta riga ta zagayo rana tana komawa waje da gudun kilomita 55 a daƙiƙa, wato wutsiyarta na gabanta ne, ba bayanta ba. Na ce masa ya sa alama da wata bishiya da ke can nesa ya dawo gobe a daidai wannan lokaci, zai tarar ta hau sama, ɓangaren da wutsiyar ke nunawa. Bajamushe Peter Apian ya zana wannan a 1531 lokacin da yake bin tauraruwar Halley, kuma masu duban taurari na ƙasar Sin sun rubuta shi ƙarnuka kafin nan.

Da muka duba hotunan farko a bayan kyamara sai ga abin da ya sa na matsa a zo a wannan rana takamaimai: wani siririn tsinke na haske ya fito daga kan tauraruwar ya nufi ƙasa, ɓangaren rana, kishiyar wutsiyar. Ido bai gan shi ba, madubi ya nuna ɗan gutsurensa, amma a hoto ga shi nan miƙe kamar an ja shi da rula. Mushe ya ce to ga abin da ya karya maganar da ka gama yi yanzu. Bai karya ba, amma bayaninsa sai da gari ya waye na samu hanyar yin sa yadda yaran za su kama.

Mun kwana a ƙauyen, a zauren mai gari, bayan tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Da hantsi mata suka fito shiƙa a bayan gari. Mace ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero, iska na kaɗawa. Tsabar na sauka a gindinta, guntayen zangarniya na faɗuwa ɗan gaba kaɗan, ƙaiƙayi kuwa iska na kwashe shi har can cikin gona. Haka rana ke yi wa ƙurar tauraruwa, sai dai abin da ke kaɗawa a can haske ne. Hasken rana yana da ɗan ƙarfin turi, ƙanƙani ƙwarai, wanda jikin mutum ba zai taɓa ji ba. A kan ƙwayar ƙura mai girman kashi ɗaya cikin dubu na milimita, turin yakan kai kusan ƙarfin da rana ke jan ta da shi. Dalili kuwa lissafi ne: turin yana bin faɗin fuskar ƙwayar, jan yana bin nauyinta. In ƙwaya ta ninka girma sau goma, fuskarta ta ninka sau ɗari, nauyinta sau dubu, sai turin ya zama kashi ɗaya cikin goma na tasirin da yake da shi a da. Ƙananan ƙwayoyi su ne ake kora nesa cikin 'yan kwanaki, su ne farar wutsiyar da muka gani, kuma ba haskensu ba ne, na rana suke mayarwa. Kowace ƙwaya tana ci gaba da zagaya rana a tata hanyar, tana ɗan ja baya yayin da take nisa, shi ya sa wutsiyar ƙura kan lanƙwashe ta baje in an kalle ta daga gefe.

Manyan ƙwayoyi, masu kama da yashi, haske ba ya iya kai su nesa. Waɗanda suka fita watanni kafin nan suna nan warwatse kusa da hanyar da tauraruwar ta biyo, duk a kan shimfiɗa ɗaya mai faɗi amma marar kauri. A yawancin lokaci muna kallon wannan shimfiɗa daga sama ko daga ƙasa, ƙurar ta yi tsarwatsai har ba a ganinta. A ranar 14 ga Oktoba duniyarmu ta ratsa daidai ta cikin shimfiɗar, muka kalle ta ta baki, duk ƙurar ta jeru a layi ɗaya. Ɓangarenta da ke bayan tauraruwar daga inda muke shi ne ya bayyana kamar tsinke mai nuna rana. Ba ƙura ce ke tafiya wajen rana ba, matsayin mai kallo ne ya kawo haka. An ga irinsa sosai a tauraruwar Arend-Roland a 1957. Kwana kaɗan yake yi, da duniya ta fice daga shimfiɗar sai ya baje ya ɓace, kuma haka muka ga ya yi a cikin makon.

Wata ya cika ranar Alhamis 17 ga wata, ya mamaye sama tun daga magariba, sai muka ba kallo hutu. Ranar ce babbar kasuwar Damagaram, na sha fura da nono mai kauri a kan dala talatin, na sayi kilishi. Na zaga Birni, tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska, har ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Garin ne babban birnin Nijar har zuwa 1926. Abin da ya taɓa ni shi ne tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 da ruwan sama ya rushe a farkon Satumba, wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin zuwana. Tarin ƙasa ne kawai da itatuwan azara. Wani dattijo da na tarar a inuwa kusa da wurin, da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce, "Ɗana, ai na ga wadda ta fi wannan. Da rani ne, gab da babbar sallah, tana fitowa ta arewa maso yamma, wutsiyarta biyu." Na ce Baba, wannan Hale-Bopp ce, 1997, sallar layya ta faɗo a tsakiyar Afrilu. Ya ce a lokacin mutane sun ce alamar mutuwar wani babba ce. Na ce masa ita dai ƙanƙara ce da ƙura, an lissafa ranar zuwanta tun kusan shekara biyu kafin ta iso, kamar yadda aka lissafa ta wannan. Ya ce ikon Allah ya fi gaban haka.

Wutsiya ta biyu da dattijon ya gani ita ce ta iska, kuma hanyar samuwarta daban take. A cikin hasken rana akwai ɓangaren da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. In ya daki ƙwayoyin iskar da ke hazon kai yakan fizge wa kowace ƙwayar lantarki guda, su zama masu caji. Daga rana kuma akwai wata iska ta ƙwayoyi masu caji da ke kwararowa ba dare ba rana, da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, ɗauke da ƙarfin maganaɗisu. Layukan maganaɗisun sukan sarƙe a kan hazon, su naɗo ta gefe biyu, su miƙe ta baya, ƙwayoyin masu caji su bi su. Saboda wannan iska ta ninka gudun tauraruwar sau da yawa, wutsiyar iska siririya ce, miƙaƙƙiya, tana nuna kishiyar rana kusan daidai. Launinta shuɗi ne, domin kabon monoksaid mai caji yana shan hasken rana ya fitar da shuɗi. Wannan wutsiya ce ma ta tona asirin iskar rana. A 1951 Ludwig Biermann ya lissafa cewa turin haske kaɗai ba zai iya ba ƙwayoyin irin gudun da ake gani ba, dole akwai wani abu da ke fitowa daga rana. Eugene Parker ya fitar da bayaninsa a 1958, kumbon Mariner 2 ya auna iskar a 1962. Tsawonta kan wuce hankali: a 1996 kumbon Ulysses ya ratsa wutsiyar tauraruwar Hyakutake a tazarar fiye da kilomita miliyan 500 daga kanta. Takan kuma tsinke. A Afrilu 2007 kumbon STEREO ya ɗauki hoton yadda wani tunkuɗo daga rana ya cire wa tauraruwar Encke wutsiyarta ɗungurungum, ta sake fitar da wata.

Mu dai ba mu ga shuɗiyar da ido ba. Tsuchinshan-ATLAS mai yawan ƙura ce, kuma tunda muna kusa da shimfiɗar hanyarta, wutsiyoyin biyu sun hau kan juna daga inda muke, farar ta danne shuɗiyar. Hale-Bopp an kalle ta daga gefe ne, shi ya sa suka rabu kowa ya gani. Kanta ma bai yi koren da wasu ke yi ba. Koren yana fitowa ne daga wata ƙwaya mai kabon biyu, wadda hasken rana ke farfasawa cikin kamar kwana biyu, kafin ta yi nisa, shi ya sa ake ganin kore a kai amma ba a wutsiya ba.

Ranar Asabar da Lahadi, 19 da 20 ga wata, muka koma tudun. Wata ya fara makara: Asabar ya fito gab da ƙarfe takwas, Lahadi gab da tara, duhu na gaske kuwa na farawa wajen 7:20, daidai lokacin isha'i. Lahadin ce ta fi kowace rana daɗin kallo. Tauraruwar ta hau kusan dunƙule uku, kanta ya dushe sosai, amma a cikin baƙar sama wutsiyar ta fi ta Litinin tsawo, ta doshi dunƙule ɗaya da rabi. Sai ido ya yi minti ashirin zuwa talatin cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Dabarar ganin ƙarshen wutsiya ita ce kada ka zuba mata ido kai tsaye, ka kalli ɗan gefenta, don gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni.

Ga mai son hoto, ga abin da ya yi aiki. A kashe saitin da kyamara ke nemo kaifi da kanta, don a duhu sai ta yi ta lalube. A nufi Zara, a juya zoben da hannu har ta zama ɗigo mafi ƙanƙanta, a manne zoben da salatif. Buɗin gilashi f/2.8. A daren wata, ISO 800 da daƙiƙa 2 zuwa 3, in an wuce haka sama ta yi fari ta haɗiye wutsiyar. A daren duhu, ISO 1600 da daƙiƙa 5 zuwa 6. Fiye da haka da gilashin milimita 50 taurari kan fara jan layi, saboda juyawar duniya. A sa jinkirin daƙiƙa biyu kafin ɗauka don girgizar yatsa ta lafa. Hoto ɗaya yakan fito da ɗigo-ɗigo, maganinsa a ɗauki ashirin ko talatin a jere a haɗa su a kwamfuta. Wayar Mushe ma ta kama ta da saitin dare, da ya jingina ta a kan dutse. Abu uku ke ɓata aiki a wannan lokaci na shekara. Raɓa na sauka da wuri bayan damina, in taurari suka fara yin gishiri-gishiri a hoto to gilashi ya jiƙe, a naɗa masa kwali ya zarce bakinsa da ɗan yatsa uku tun kafin a fara. Farar fitila na tara ƙwari da fara cikin minti ɗaya. Sannan ƙurar da shanu ke tayarwa in suna komowa gida da yamma takan tsaya a iska ƙasa-ƙasa, a nemi tudun da ba ya kan burtali.

Kafin mu sauko a daren Lahadi, bayan wata ya fito, na gaya wa yaran su duba gabas da tsakar dare ko za su ga taurari masu gudu. Kowace shekara wajen 21 ga Oktoba duniya na ratsa manyan ƙwayoyin da tauraruwar Halley ta zubar a hanyarta, irin waɗanda haske ya kasa korawa, suna ƙonewa a samanmu. Washegari ɗan mai gari ya ce ya ga biyu duk da hasken wata.

Na komo ta hanyar da na bi, jaka uku zuwa iyaka, wannan karon ba wanda ya buɗe jakar. Na iso Kano na tarar da wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa, abin da ya ɗauki fiye da mako guda, ya jefa masu sana'a cikin asara mai yawa. A waɗannan darare ana samun tauraruwar da madubi daga saman soro a cikin gari, amma kullum tana raguwa. Hasken rana na raguwa da ninkin nisa sau kansa: ranar 27 ga Satumba tana shan ninki shida da rabi na zafin da duniya ke samu, zuwa ƙarshen Oktoba ya koma ninki ɗaya da ɗan kaɗan, ga shi tana ƙara nisa da mu. Tururi ya ragu, ƙurar da yake ɗagowa ta ragu, wutsiya ta gajarce. Akwai wata tauraruwa mai wutsiya da aka gano a ƙarshen Satumba, C/2024 S1, wadda aka sa ran za ta biyo baya da haske mai ƙarfi. Ita hanyarta ta ratsa dab da rana ƙwarai, curinta kuma ƙarami ne, ya fara farfashewa tun kafin ya isa, ranar 28 ga Oktoba kumbon SOHO mai sa ido kan rana ya nuna yadda ta ƙone ƙurmus.